Baffa Bai Yarda da Rubutun Bayan Buhu Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baffana, ƙanin mahaifina, ya riga mu. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan angarib ɗinsa, gadon igiyar nan da ya taho da shi tun daga Jazira, yankin gonakin audugar Sudan, kuma kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a bayan Dar Salam.

Kwana uku rumfar makoki tana tsaye a layinmu, kuma kowa da irin Baffan da ya zo yi wa addu'a. Tsofaffin da suka yi aikin auduga tare da shi sun zo daga Bahri da Kalakla, aka ɗaga hannu aka yi Fatiha, suka zauna suna tuna mai awon hatsin da ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a Khartoum suka cika hafla guda, ƙaramar bas ɗin haya, suka zo. Su dattijon shagon kwamfuta suka sani. Mai shayin da ke zama a bakin shagon, Balarabiya ce, ta ƙetaro gada da ƙafarta mai ciwo. Ta ce da Larabci, "Yanzu wa zai riƙa ɗaga kofina sama yana duba ko ganyen na jiya ne?"

A cikin gida kuma, matata ta ba ni labari, Inna matar Baffa ta sa matan da suka taru dariya da hawaye a fuskarsu. Ta ce, "Mutumin nan ko asida na tuƙa sai ya soka yatsa ya ji ko ta nuna har ciki. Na ce masa, Malam, shekara nawa ina tuƙa maka? Ya ce, ba ke nake tuhuma ba, garin nake tuhuma."

Rana ta biyu wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aika aka kira babban ɗan Baffa zuwa bakin ƙofa. Ina kusa. Ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Ɗana, na san ba lokacinsa ba ne. Amma takardunmu da ke wurin Malam fa?"

Ni na amsa mata. Na ce, "Suna nan, Iya."

A lokacin ban san ko suna nan ba. Takardar mahaifina ma tana cikinsu, kuma jarrabawar 'yata a kanta ta rataya.

Na fara karatu ne bayan na haura arba'in. Larabci nake koya a ajin manya bayan la'asar, boko kuma Baffa da ɗaliban nan suka ɗora ni a kai. A hankali nake rubutu, amma gara in rubuta da hannuna, domin in aka bar wa baki, nan da shekara kaɗan sai a ce wani tsoho ne mai tsaurin kai, shi ke nan.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a kambo, unguwar leburorin gona a Jazira, Baffa ya ɗauke ni. A lokacin ya bar tsinkar auduga ya koma sayen dawa. Yana da wani ƙarfe mai tsini, mai rami a tsakiya, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. In an kawo buhu ba ya duba abin da aka rubuta a bayansa. Sai ya shimfiɗa tabarma, ya soka ƙarfen a sama, ya soka a tsakiya, ya soka a ƙasa, hatsi ya gangaro tafin hannunsa. Yana cewa, "Rubutun bayan buhu labarin mai buhu ne. Labarin hatsi yana ciki." Wata rana aka kawo wani irin dawa da bai taɓa gani ba. Bai saya ba, bai kuma kori mai ita ba. Ya ɗebo 'yan ƙwayoyi daga buhunan da ya sani, ya jera su kusa da baƙuwar a tafinsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce min, "Abin da ba ka sani ba, ajiye shi kusa da wanda ka sani. Ɗaya zai tona asirin ɗaya."

Da muka dawo Omdurman ni na shiga turin baro a kasuwa, shi ya ci gaba da hatsi har gwiwarsa ta ƙi. A lokacin babban ɗansa ya buɗe shagon buga takardu a Khartoum, kusa da inda ɗalibai suke. Aka ajiye wa Baffa kujera a bakin ƙofa don kada zaman gida ya kashe shi. Ya buga ƙusa a bango ya rataye ƙarfensa. Daga baya ni ma aka kira ni ina ɗinke kundaye da yankan takarda. Kullum hafla biyu muke hawa, mu ƙetare gada, ina riƙe da hannunsa.

Shekara guda bai taɓa kwamfuta ba. Abin da ya jawo shi ciki, ina wurin. Wani ɗalibi ya kawo kundin bincikensa a filashi, aka danna, ya ƙi buɗewa. Ɗan Baffa ya ce ya lalace. Ɗalibin ya zauna a ƙasa ya dafe kai, aikin shekara biyu ne. Sai abokinsa, mutumin Damagaram, ya ce a ba shi wuri. Ya buɗe fayil ɗin da ƙaramar manhajar rubutun nan wadda ba ta zaɓe, duk abin da ka ba ta sai ta baje maka shi. Allon ya cika da tarkacen haruffa kamar sawun kaji. Ya nuna farkon layi da yatsa, ya ce, "Ga shi. Wannan pdf ne, an yi masa suna da doc." Ya canja haruffa ukun da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan, ya danna, kundi ya buɗe lafiya lau.

Baffa ya taso daga kujerarsa. Ya ce, "Tsaya, malamin Damagaram. Me ka taɓa a cikinsa?"

"Ban taɓa komai a ciki ba, Baba. Ƙarshen sunan kawai. Da shi na'urar take sanin manhajar da za ta kira."

"Ba ta leƙa ciki?"

"Wannan dai ba ta leƙawa. Akwai waɗanda ke leƙawa, amma ita suna take bi."

Baffa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ashe duk tsadarta, rubutun bayan buhu take karantawa!"

Daga ranar ya sa wa haruffan nan suna wutsiya, kuma duk shagon muka bi shi. Ya sa aka koya masa haruffan boko yana da shekara saba'in da wani abu, don kawai ya iya karanta farkon fayil. Ya samo kwalin takarda ya rubuta da hannunsa: in ka ga JFIF kusa da farko, hoto ne, wutsiyarsa jpg. In ka ga PDF, ya faɗi sunansa da bakinsa. In ka ga PK, a yi hattara, domin buhu ne a cikin buhu, yana iya zama wasiƙa, yana iya zama jadawali, sai an gwada. Ya rataye kwalin a ƙarƙashin ƙarfen.

Yana da wata al'ada. Duk kwamfutar da ta shigo shagon, ko ta gyara ce, abu na farko sai ya sa an fito da wutsiyoyin a fili, domin na'urar kan ɓoye su. Ɗansa yana cewa ɓata lokaci ne. Har ranar da wani ya kawo filashi ya ce a wanke masa hoton aure. Da aka duba, sunan wutsiya biyu gare shi, jpg a gaba, exe a baya. Ƙwayar cuta ce ta yi shigar hoto. Baffa ya ce wa mutumin, "Ya zol, bawan Allah, amaryar nan taka da wuƙa a hammata ta zo." Mutumin ya yi fushi, ya fita, ya dawo da yamma yana godiya.

Amma bai raina wutsiya ba. Na taɓa ce masa, to me ya sa ba za a daina amfani da ita ba? Ya ce, "Kai da ka yi dako, in an ce ka kwance kowane buhu kafin ka ɗauka, nawa za ka ɗauka a yini? Rubutu don sauri ne. Ranar da aka yi gardama ce ake nemo ƙarfe."

Zamanin soja, takarda ita ce mutum. A kan gada ana iya tambayarka ita, a makaranta ana tambayar 'ya'yanka ita. Mu kuma da kakanninmu suka zo daga yamma, ko an haifi ubanka a Jazira, akwai mai jin Hausarka ya ce kawo shaida. Baffa ba ya doguwar magana a kan wannan. Abin da yake cewa shi ne, "Ofis kamar na'urar nan yake, wutsiya yake dubawa. Ba za ka canja masa hali ba. Ka dai tabbata taka tana nan." Sai ya bi gidajen mutanenmu a Dar Salam ɗaya bayan ɗaya, yana karɓar jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, da ta haihuwa, da ta fili. Ya kai shago a ɗauki hotonsu a na'ura, ya mayar wa kowa da tasa, kwafin kuma a ajiye a wani faifan ajiya baƙi, mai girman tafin hannu. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Yana cewa gidan laka ba wurin ajiye takarda ba ne. Jinsiyyar mahaifina tana cikin na farko da aka ɗauka, ni ban taɓa yin tawa ba. A lokacin ban iya karatu ba, na miƙa ta kamar yadda ake miƙa laya.

Maganarsa ta tabbata a kaina. Da daminar bara ruwa ya kayar da ɗakina, akwatin takarduna ya kwana biyu a cikin taɓo. Da na buɗe, sai dunƙulen abu kamar ƙullun kisra, wainar dawar nan tamu. Ban damu sosai ba, na ce ai akwai faifan Baffa. Sai ga makarantar 'yata ta ce duk wanda zai zauna jarrabawar ƙarshe ya kawo lambar ƙasa, kuma ba za a ba ta lamba ba sai an ga jinsiyyar ubanta ko ta kakanta. Aka ce min ko kwafi ne in kawo, in lambar takardar ta fito za a nemo ta a rajista.

A makon da na je karɓa, wuta ta ɗauke ana cikin kwashe wani aiki zuwa faifan. Da ta dawo, kwamfuta ta ce za ta gyara shi, aka ce ta gyara. Da ta gama, babu sunan kowa. Jakunkunan da Baffa ya jera gida-gida duk sun ɓace. Sai jaka ɗaya cike da fayiloli, sun haura dubu, kowanne lamba ce sunansa, kuma duk wutsiyarsu ɗaya: chk. Ka danna wannan, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Ka danna wancan, haka.

Nan ne rigimar da ban taɓa ganin irinta tsakanin Baffa da ɗansa ba. Lokacin kundaye ne, ɗalibai sun yi layi, kuma faifan nan shi ne babba a shagon. Ɗan ya yi ƙoƙari, kada in zalunce shi. Ya nemi manhajar da ke tantance irin waɗannan, shafin ya ƙi buɗe wa mutanen Sudan saboda takunkumi, wadda ya samo wurin wani kuma da cuta ta zo. A rana ta uku ya ce zai wanke faifan tas.

Ya ce wa mahaifinsa, "Yaba, halas, magana ta ƙare! Na'ura da kanta ta ce ba ta san su ba."

"Cewa ta yi sun lalace?"

"Ta ce ba ta san su ba."

"Ni ma akwai mutanen da ban sani ba. Ban ce a binne su ba."

"Fayil dubu, Yaba! Wa zai buɗe su ɗaya-ɗaya?"

Baffa ya juyo ya nuna ni. Ya ce, "Wannan. Ya tura baro shekara ashirin bai karya ƙwai ba."

Ya zare faifan ya jefa a aljihun jallabiyarsa, muka hau hafla. Kwana biyu ba su gaisa ba. A rana ta uku muka tarar da wata tsohuwar kwamfuta a kan teburin lungu, an share ta, an jona. Ɗan yana can yana buga wa wani takarda, bai ɗago ba. Baffa kuma ya sayo shayi biyu ya ajiye masa ɗaya.

Muka fara. Kullum da safe, kafin mutane su cika. Doka ta farko, sai an kwafe fayil gefe kafin a taɓa shi, domin a cewarsa ba a soka buhu sai an shimfiɗa tabarma. In buɗe shi da ƙaramar manhajar, in jira, wani yakan daɗe kafin ya fito, in karanta masa haruffan farko da ƙarfi. Shi ya duba kwalinsa ya faɗi wutsiya. In canja, mu danna. Wani ya buɗe, mu ga fuskar maƙwabci ko takardar filin wani. Wani ya buɗe rabi, ƙasansa toka-toka. Waɗanda farkonsu ba ya cikin kwali, ya ce a yi musu jaka daban. Ya sa mata suna tarin ban-sani-ba, kuma ya hana a goge ko ɗaya. A wurin nan na ƙware da haruffan boko, domin in na kira harafi ba daidai ba sai ya ƙwanƙwasa min linzamin kwamfuta a bayan hannu.

Mun kusa rabi ciwo ya kwantar da shi. Na ci gaba ni kaɗai. In na dawo da yamma, kafin in gama sallama yake tambaya, "Nawa ka soka yau?"

Wata yamma 'yata ta kai masa kunu. Ta ce, "Kaka, kai da ka ce ka fi kwamfuta wayo, ina takardata?"

Ya ce, "Amarya, yi haƙuri. Sadakinki nake tarawa, fayil-fayil."

"Wa zai auri tsohon da sai an ɗaga shi ya hau hafla?"

"Ki ci jarrabawar ki sayo min mota, ki ga ango."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ta fita sai ya kama hannuna. Ya ce, "Ɗana, ko na tafi, kada a wanke faifan nan." Bayan kwana huɗu ya tafi.

Washegarin da aka kwance rumfa na koma teburin lungu. Saura mako biyu a rufe karɓar sunaye a makarantar. Ɗan Baffa ya ɗauke min ɗinkin kundaye, ya ce in zauna a kai yini cur. Na soka na ƙarshe ranar Alhamis. Na fitar da takardun gidaje da yawa. Ta mahaifina ba ta fito ba, ta tsohuwar nan ma ba ta fito ba.

Na zauna ina kallon bango. Kuskurena, na sa a raina cewa hoton takarda dole ya zama JFIF, tunda duk waɗanda muka samu haka suke. Idona ya sauka a kan ƙarfen, sai na tuna ƙwayoyin dawar nan a tafin hannunsa. Na buɗe tarin ban-sani-ba. Da yawa a cikinsu farkonsu ɗaya ne: sanda biyu a tsaye, II, da ɗan tauraro a gabansu. Na tambayi ɗan Baffa, na ce, "Takardun farko, da wace na'ura aka ɗauke su?"

Ya ce, "Da tsohuwar, mai ƙara kamar injin niƙa. Ta mutu tuntuni."

"Akwai abin da ta ɗauka da ya rage da sunansa?"

Ya yi tunani, ya tono wani tsohon filashi a aljihun tebur. A ciki akwai takardar hayar shagon da aka ɗauka da ita. Na buɗe ta da ƙaramar manhajar, na ajiye ta gefe da gefe da ɗaya daga tarin. Sanda biyu da tauraro. Na duba wutsiyarta: tif.

Na canja na farko. Takardar haihuwar wani ce. Na biyu, ta tsohuwar maƙwabciyarmu. Na bakwai ya daɗe yana buɗewa, daga sama yana saukowa. Tsohuwar takarda, da tabon naɗi a tsakiya inda mahaifina ya riƙa ninke ta. Ɗan Baffa ya matso zai karanta min. Na ce ya bari. Na sa yatsa a allon, na bi haruffan Larabcin daga dama, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake koya mana bayan la'asar. Sunan mahaifina ne. A ƙasansa sunan kakana, uban Baffa. Ban taɓa karanta su da idona ba sai ranar. Lambar kuma ta fito sarai.

Ofis yana son shaida daga dangin uba, kuma da Baffa ne zai tsaya. Ɗansa ya rufe shago ranar da layi ya fi tsawo, ya tsaya a madadinsa. Aka nemo lambar a rajista, aka same ta. 'Yata ta zauna jarrabawarta. Tsohuwa kuma na kai mata tata har gida, an buga an sa a leda. Ta juya ta gaba da baya, ba ta iya karatu ba, ta ce, "Ka tabbata tawa ce?" Na zauna a bakin ƙofarta na karanta mata.

Kwalin yana nan a bango. A ƙarƙashin layukan Baffa na ƙara ɗaya, sanda biyu da tauraro, tif. Rubutuna ya karkace, nasa a miƙe yake. Tarin ban-sani-ba bai ƙare ba, akwai saura, kuma akwai gidajen da har yanzu suke tambaya. Ba za a wanke faifan ba. Yanzu kwafi biyu muke ajiyewa, ɗaya a shago, ɗaya a Bahri wurin ƙanwata, kuma ni nake bi gida-gida.

Ya Allah, mu bayan buhu muke gani, Kai kaɗai Ka san abin da ke ciki. Mun kawo Maka wannan, mu dai duk inda muka soka alheri muka tarar. Ka jiƙan Baffa.